Launin Ruwan Ranar

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kada ka ɗauka na huce ne, tambaya ce ta sa na rubuto.

Tun da na baro gidanka na koma wajen Yaya, ta ga zaman shiru zai kashe ni, sai ta kai ni wajen wani malamin zane. Ya ba ni hoton aikin wani gwani in kwaikwaya: kogi, bishiyoyi, da kwalekwale a ɗaure. Na gama sama, na gama gaɓa, har malam na cewa hannuna ya faɗa. Ruwan ne ya gagare ni. Shuɗi ne garau, kwance lumui. Da na ɗauki buroshi sai na mayar na ajiye. Ƙarya gwanin nan yake, ruwan da ke cin ɗan mutum ba haka yake ba.

Kai ka tafi da Auta bakin kogi, ka dawo mini babu shi. Ban taɓa tambayarka komai ba, baƙar magana kawai ka sha. Yau ina tambaya: wane launi ne ruwan ranar?

Ka huta lafiya.
Maman Auta


Maman Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, na ga saƙonki. Ki gaida Yaya.

Na so in ce miki ja ne, yana tafasa, yana jan itatuwa. Ba haka ba ne. Gwanin bai yi ƙarya ba. Garau yake, har yaron yana hango yatsun ƙafarsa a ciki yana dariya, yana cewa, "Baba, duba!" Shi ya sa na saki hannunsa. Wallahi da ruwan ya nuna mini mugunta ko kaɗan, da ban sake shi ba. Kullum da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Ban isa in ce ki dawo ba. Amma gidan ya yi mini girma.

Naki,
Baban Auta


Baban Auta,

Salam. Na zana ruwan yadda yake a hoton, ban rage komai ba. Na jingina zanen da bango na wuni ina kallo, na yi kuka har Yaya ta shigo.

Zancen dawowa, ka ƙara mini lokaci. Abu ɗaya dai nake so ka sani: da ni ce a bakin ruwan nan, ni ma da na sake shi.

Allah ya jiƙan Auta.
Maman Auta