Maki Biyar na Josette

Louisiana, 9 ga Oktoba

Ƙawata Odile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da aikin jami'a. Ya ƙafar Mama?

Ga takardun tambayoyinki na dawo miki da su, duk ɗalibaina talatin sun cike. Kin ce so kike ki auna ko darasin muhallin da nake koyarwa yana taɓa rayuwarsu ta yau da kullum. To ki duba ta Josette, 'yar shekara goma sha biyar. Ta rubuta cewa uwarta ce ke tuƙa tankar masana'antar sinadarai, kuma ana sa ta juye dagwalo a rafin da suke kamun jatan lande. Da farko ta ƙi rubutawa. Ni na dafa kafaɗarta na ce ta saki jiki, Odile 'yar garin nan ce, tare muka yi wasan ƙasa, ba mai jin sunan kowa.

Ki zo cin gumbo, miyar kuɓewar nan tamu, kafin ki manta hanyar gida, Farfesa.

Taki,
Marcelle

14 ga Maris

Odile,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Na ga rahotonki. Maganar Josette kika sa a shafin farko, kika ba ta maki biyar cikin biyar. Gaskiya ne ba ki sa suna ba. Amma mata nawa ke tuƙa tanka a masana'antar nan? Ɗaya tak, kin kuma sani, kin ci abinci a gidanta. Ranar Litinin suka kore ta. Dagwalon kuwa ana nan ana juyewa, wani namiji aka ba motar.

Na yi miki waya sau shida, aka ce kina wurin taro. Kin ci amanata, Odile, kin kuma sa na ci amanar yarinyar da bakina. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Jiya na raba zagaye na biyu na tambayoyinki, tunda makaranta ta ce dole. Inda aka ce, "Shin matsalar muhalli ta shafi rayuwarki?" Josette ta zaɓi "ko kaɗan", ta miƙo mini takardar ba ta ko kalle ni ba. Sauran ashirin da taran ma haka.

Ga su nan a ambulan. Ki auna.

Ki gaida Mama.

Marcelle Guidry