Sau Uku Ina Ɓoye Mata Awon Gwiwarta

Assalamu alaikum Anti Radiyya. Don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma da wuri, domin kwana goma sha ɗaya kacal suka rage mini. A garin nan ba ni da wanda zan faɗa wa maganar ba ta zaga ta dawo mini ba, saboda haka ki sakaya sunana.

Ni tela ce. A Fagge na koyi ɗinki a hannun gwaggota. Maigidana ya sami aiki a wani asibiti a garin Largo, kusa da Washington, muka taso a 2001. Shekara tara ke nan ina yi wa wata ƙaramar ƙungiyar masu rawar bale ɗinki a cikin Washington. Ga wanda bai sani ba, ita ce rawar Turawan nan da mata ke tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, ba a magana, da jiki ake ba da labari. Na san wasu za su ce me ya kai Hajiya cikin 'yan rawa. Su yi haƙuri, allura da zare suka kai ni, kuma ba abin da na zo tambaya ke nan ba.

Babbar 'yar rawarsu, bari in kira ta Hannatu, mahaifinta mutumin Jos ne da ya zo karatu tun da daɗewa, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai dai Yaya take kirana tun ranar da muka haɗu. Shekararta arba'in da uku. A sana'arsu wannan tsufa ne tukuf, sa'o'inta duk sun ajiye. Ita kuwa an ba ta fitowar yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta fara soyayya, a wasan da za a buɗe nan da kwana goma sha ɗaya, kuma da bakinta ta ce shi ne na ƙarshe. Wallahi da farko kunya na ji mata. Mace da furfura a gefen kunne, a shafe da baƙi, ta fito tana tsalle gaban jama'a! Sai da na ga gwaji na ja bakina. Akwai yara 'yan ashirin da suka fi ta tsalle nesa ba kusa ba, amma babu wadda ta san yadda yarinya ke sunkuyar da kai idan an kama ta tana satar kallon saurayi. Ina tsaye da fil a baki hawaye suka zubo mini.

To, gwiwarta ta hagu ce matsalar. Tun watan Agusta ta kumbura. Likita ya duba ya ce ta ci gaba, amma da sharaɗi: ranar da kumburin ya ƙaru ta tsaya nan take ta koma wurinsa, in ba haka ba abin da ke ciki zai iya tsinkewa, ta yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarta. Ta roƙe ni na ɗinka mata wani ɗauri na roba, siriri, launin fatarta, wanda zai ɓuya a ƙarƙashin safa. Kowace Litinin nake auna gwiwar don ɗaurin ya zauna daidai.

Anti, kin san mu da awo. Gwaggota ta hore ni cewa tela ba ya faɗa wa mace lamba. Idan mace ta ƙaru, ka ce masha Allah, ka saki rarar da ka bari a cikin ɗinki, ta sa kayanta ta tafi tana murna. Shekara talatin haka hannuna ya saba. A mako na uku tef ɗin awo ya nuna ƙarin rabin inci. Ina durƙushe, tana tsaye a kaina tana dubana kamar mai jiran hukuncin alƙali. Bakina ya riga ni, na ce yana nan yadda yake. Da ta fita na saki ɗaurin. Bayan mako biyu na sake, sannan na sake. Yanzu gwiwar ta ƙaru da inci ɗaya da rabi, kuma ni kaɗai na sani.

Ranar Larabar da ta wuce na ji tana gaya wa Alexander, shugaban ƙungiyar, cewa ta soke ganin likita, domin Yaya na auna ta duk mako kuma kumburin bai motsa ba. Har ta ƙara da cewa Yaya ba ta ƙarya, mai salla ce. Ya juyo ya dube ni, na sunkuya kamar ina neman abin da ya faɗi. Innalillahi, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maigidana ya ce in je wurin Alexander in faɗa masa, kada in ɗauki alhaki. Amma na san shi, cire ta zai yi a take ya sa yarinyar da ke jiran gado. Tun tana 'yar shekara takwas take wannan rawa. Mahaifinta, wanda bai taɓa yarda da ita ba, bai taɓa zuwa kallo ba, wannan karon ya ce zai zo daga Manassas duk da tsufansa. Wani lokaci nakan ce ai kwana huɗu ne kawai wasan, Allah zai tsare. Wani lokaci kuma nakan ce ita mai ƙafar ba ta jin ciwon ne? Ko ta sani, ni take tambaya don ta san ba zan iya faɗa ba? Tsoro nake ji, Anti. Ina tsoron in raba ta da abin da ta rayu dominsa, ina kuma tsoron in gan ta ta zube a kan dandamali saboda ƙaryata. Me zan yi?

Taki,
Tela mai nadama, Largo

*

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga mugunta a ciki ba. Kara ce ta ja ki. Horon gwaggonki mai kyau ne a inda aka yi shi dominsa: ƙugu, ƙirji, hannun riga. Amma tun ranar da likita ya gindaya sharaɗinsa, tef ɗinki ya tashi daga kayan ɗinki ya koma kayan asibiti, ke kuma kika ci gaba da riƙe shi kamar da. Kuskuren ke nan, kuma har yanzu yana gyaruwa.

Maigidanki ya yi gaskiya cewa shiru ya ƙare, amma ya nuna miki ƙofar da ba ita ba. Ba Alexander kika yi wa ƙarya ba. Idan kika fara zuwa wurinsa, kin ɓoye wa Hannatu gaskiyar jikinta, sannan kin kai wa wani ta bayan idonta. Laifi ya zama biyu.

Ki same ta gobe da safe, kada ki jira Litinin. Ku kaɗai. Ki miƙa mata tef ta auna da hannunta, ta karanta da idonta. Ki faɗa mata awo ukun da ranakunsu, ki nemi gafara a taƙaice. Kada ki yi kukan da zai sa ita ce za ta koma rarrashinki, ranar ba taki ba ce. Kin ce wataƙila ta sani. Mai yiwuwa ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma zargi daban, sani daban, kuma maganarki ce ta jingina da ita ta soke ganin likita.

Daga nan sai likita, a cikin kwana biyu, ki raka ta idan ta yarda. Ni da ke ba mu san abin da zai ce ba. Zai iya yi mata magani ya bar ta ta fito sau ɗaya, mahaifinta ya gani. Zai iya hanawa gaba ɗaya. Ko me ya ce, zaɓin nata ne. A kan dandamali ne take 'yar shekara goma sha biyar. A ƙasa mace ce mai arba'in da uku, wadda ta san sana'arta fiye da mu duka, kuma tana da haƙƙin ta yanke shawara a kan gaskiya, ko da shawarar ba za ta yi miki daɗi ba.

Idan ta ƙi zuwa asibiti, kada ki kai ƙararta. Ki dai gaya mata a fili cewa ba za ki ƙara sakin ɗaurin ba, kuma duk ranar da Alexander ya tambaye ki, gaskiya za ki faɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, za ta iya yin fushi mai tsanani, har ta daina kiran ki Yaya. Ki jure. Gara ta wuce ki da ƙafafunta biyu ba ta ko dube ki ba, da ki je gaishe ta a kan keken guragu tana yi miki godiyar zuwa.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta sauka daga sana'arta da mutunci, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe.

Anti Radiyya