Abin da Ya Biyo Bayan "Was"

Sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon daminata, Dogona, Baban Ummi! Abu ɗaya nake roƙo a wurinka: ka ɗauki wayar nan ka yi tari. Ba sai ka yi magana ba. Tari kawai, ko atishawa, ko tsakin nan naka da nake yi maka faɗa a kansa. In ji da kunnena, in san kana numfashi.

Ka san ban iya rubutu ba, shi ya sa na danna wurin da ka nuna mini nake magana. In ka ji muryata tana rawa, ka yi haƙuri. In ka ji ƙara, Ummi ce take buga murfin tukunya a ƙasa. Ta fara rarrafe, ka ji? 'Yar da ba ka taɓa ɗauka a hannunka ba, ta fara rarrafe.

Wata mata ce ta kira ni daga kamfanin jirgin ruwan da kake yi wa walda. Da rana tsaka, ina wanki a bakin ƙofa, hannuna duk kumfa. Turanci zalla, da gudu, kamar an ɓalle famfo. Na kasa kunne ina tsintar abin da na sani, kamar kaza a shara. Na tsinci "husband", na san miji ke nan. Na tsinci "sorry". Sai na ji ta sassauta murya ta ce, "He was a good…" Daidai nan Ummi ta miƙi hanya ta nufi risho, ga ruwa yana tafasa a kai. Na saki wayar cikin kayan wanki na cafke ta. Da na dawo na ɗauka, matar tana ta magana, ni kuwa kaina ya riga ya kulle. Sai na faɗi abin da ka ce in riƙa faɗa in an yi mini Turancin da ban gane ba. Na ce, "Yes, thank you." Sai ta kashe.

Wayyo ni! Me na amsa? Me na yi wa godiya, Dogona?

Da ma ba ka koya mini komai ba! Da na zauna da jahilcina lafiya lau, in ce wata Baturiya ta yi kuskuren lamba. Amma ka tuna lokacin da kake shirin tafiya, kana zaune a bakin katifa da waya a kunne, kana maimaita Turanci kamar aku? Cikin Ummi ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura, na haɗa shayina na ajiye ya huce. Ka ɗaga kofin ka ce, "This is your tea." Ina kallonka ka shanye shi tas, ka kife kofin a kan tabarma, ka ce, "This was your tea." Na bi ka da ludayi har bayan labule, kana dariya kana cewa a yi wa malami afuwa, darasi ne. Ka ce "is" na abin da yake nan ne, "was" na abin da ya wuce. Sannan ka durƙusa, ka ɗora tafin hannunka mai kantar walda a kan cikina, ka ce wannan kuma "will" ne, abin da yake tafe. Ranar na ce maka Turawa ba su da aikin yi, komai sai sun sa masa agogo. Ka ce, "Ke dai riƙe, wata rana zai yi miki amfani."

To ga amfanin nan ya zo. Na riƙe, farin watana, na riƙe da kyau. Kofin da aka kife shi nake gani ko na rufe ido.

Na saɓi Ummi na shiga wurin Malama, maƙwabciyarmu mai koyar da 'yan firamare. Ta zaunar da ni ta ce, "Maman Ummi, kwantar da hankalinki, 'was' shi kaɗai ba ya kashe mutum. Abin da ya biyo baya za a duba." Ta ce in matar ta ce "good worker", to aikin ne ya ƙare, an sallame ka, kana nan da ranka. In kuwa ta ce "good man"… Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce in sha ruwa. Ta tambaye ni wanne na ji. Wanne na ji! Ni da wayar tana kwance cikin rigunan Ummi, tana gaya wa kumfa labarin mijina!

Malama ta kira lambar da kanta. Na'ura ce take amsawa, danna wannan, danna wancan, sai kiɗa, kiɗa, har layin ya yanke. Ta sake, haka. Taka kuwa a kashe. Na je wurin mai kemis na bakin titi, mai tsokanata yana ce mini matar Bature. Ya ce ai Turawa ko labarin jiya za su ba ka da "was" suke farawa, kada in ɗora wa kaina. Amma bai tsokane ni ba, Dogona. Bai ce matar Bature ba. Ya ce mini 'yar'uwa, ya rako ni har bakin ƙofa. Rakiyar nan ta fi maganarsa ƙarfi.

Tun daga ranar nake auna kalmomin nan biyu a bakina. "Man" gajere ne, kamar a rufe ƙofa. "Worker" yana da ɗan ja. Ina ta tambayar kunnena: da wayar take faɗuwa, sautin da ya biyo baya gajere ne ko dogo? Da safe sai in rantse dogo ne. Kafin la'asar ya gajarce. Kuma me zai sa kamfani ya kira matar mutum don an sallame shi? Ba kai za ka kira ba? Me zai sa ta sassauta murya? Ina sane da wannan. Ni jahila ce, amma ba wawiya ba ce.

Ka taɓa jin matar da take ɗaga hannu tana roƙon Allah a kori mijinta daga aiki? Ga ni nan! Allah ya sa ka yi laifi. Allah ya sa ka zagi shugabanku, ka fasa musu inji, su watso maka kayanka a bakin teku, kunya ta hana ka kira. In haka ne, wace irin kunya, tauraron asubata? Dawo da rigar jikinka. Dawo ba takalmi. Wallahi ba zan tambaye ka tsaraba ba, ba wanda zai ji daga bakina. Zan yi wankau, zan yi kitso, mu ci abin da ya samu. Injin waldarka yana nan a ƙarƙashin gado na lulluɓe shi da tsohon zanena, ko ƙura ban bari ta hau ba.

Kai ne bishiyar da na jingina da ita tun ban san nauyin kaina ba. Yanzu in jingina da me? Tsuntsuwa in aka sare reshenta tana da fiffike, ni me nake da shi? Ban taɓa ganin teku ba. Ka ce mini ba shi da gaɓa ta biyu, ido ba ya kai ƙarshensa. To haka kewarka take a ƙirjina, ba gaɓa, ba tudu, ba wurin sa ƙafa. Yaya za a yi ruwan da ban taɓa gani ba ya shiga ɗakina ya cinye ni? Yaya za a yi kalma ƙarama haka, wadda ba ta cika baki ba, ta fi dutsen niƙa nauyi?

Ka ji alkawarina, ko kana inda ake ji, ko kana inda ba a ji. Ba zan cire sunanka daga bakina ba. Ummi za ta san tsawonka, za ta san dariyarka, za ta san ubanta ya ƙone yatsunsa don ta sa takalmi. In kana raye, zan jira har gashina ya yi fari. In kuwa ɗayan ne, zan jira inda ya fi nan tsawo. Ni taka ce, Baban Ummi, taka tun ranar farko, kuma ba harshen da aka halitta da zai canza wannan.

Saura abu ɗaya, ka yafe mini. Ban da Malama da mai kemis, na faɗa wa Inna. Ba yadda zan yi, mahaifiyarka ce, ta ji an ce an kira ni, ta tako da sandarta har ɗakin nan. Ta zauna a bakin katifa ta ce, "'Yar nan, me suka ce a kan yarona?" Na buɗe baki, sai na ji Hausa ta rufa mini asiri. Na ce, "Inna, sun ce na kirki ne." Ka ga namu "ne" ba ya nuna ko mutum yana nan ko ya wuce. Da shi ake yabon ango, da shi ake yabon wanda aka kai makwancinsa. Ban yi mata ƙarya ba, ko kaɗan.

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Yo sai yau suka sani? Ni na haife shi!" Ta sa mini albarka, ta ɗauki sandarta. Yanzu haka tana can tana bin gidajen maƙwabta, tana gaya musu Turawa sun kira takanas don su yabi ɗanta.