Kayan Motocin Baba da Taimakon Kawu

Gummi

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iyali da yara, yaya zaman Fatakwal? Nan gida kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na buɗe ɗakin da marigayi Baba ya tara kayan tsofaffin motoci, ina jera su a buhuna ina rubutawa kamar yadda ka ce. Ka san al'adarsa: abu mai kyau sai ya shafe shi da giris ya naɗe cikin takardar siminti, matacce kuwa ya jefa shi bayan ƙofa.

Kawu Sani, wanda bai taɓa leƙa garejin Baba ba, shi ya zo taya ni. Duk abin da ya ɗaga sai ya ce, "Wanga ya mutu, ɗana, a ba 'yan gwangwan." Na duba tarin da ya ware, duk naɗaɗɗu ne. Bai taɓa na bayan ƙofa ba.

Jiya kuma wani baƙo ya zo daga Anka neman kafiretar motar a-kori-kura. Kafin in yi magana ya nuna buhu na uku, ya ce tana ciki. Yaya, ni da Kawu kaɗai muka cika buhun nan.

Na canza kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanen Inna. Kada ka amsa wa Kawu komai ta waya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Lawali