Mubarak Ba Karatu Yake Yi a Bakin Inji Ba

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin sarrafa roba da ɗana ya yi wa aiki a Sharaɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Ranka ya daɗe, ni ne mahaifin Mubarak, lebura a sashen niƙa tsohuwar roba, wanda injinku ya fizge shi ana saura kwana biyu ya zauna jarrabawar shiga jami'a. Na zo ofishinku, aka ce kuna taro. Na dawo, aka ce kun yi tafiya. Shi ya sa na biyo ta jarida. Ban kama sunan kamfanin ba saboda magidantan da ke cin abinci a cikinsa.

Ba ina jayayya da ƙaddara ba ne. Allah ne ya ba ni shi, kuma Shi ya karɓi abinsa. Abin da nake jayayya da shi shi ne sanarwar da kuka liƙa a ƙofar shiga, wadda ta ce marigayin ya shagala da karatu a bakin inji, don haka sakacinsa ne ya jawo.

1. Gaskiya ne Mubarak yana karatu. Likita yake son zama, kuma makin Bayoloji ne ya kayar da shi a zaman farko. Bai shiga ajin share fage ba, shi kaɗai ya ɗauki manhaja da tsofaffin tambayoyi yana bi. Ni tarihi na koyar har na yi ritaya, ba ni da abin da zan ƙara masa. Shi ne ma yake zaunar da ni bayan la'asar ya yi mini bayanin yadda ƙoda ke tace jini, wai idan tsohon malami ya gane to shi ma ya gane. A gida yake yin karatunsa, da cikin motar haya daga Panshekara.

2. Dokar kamfaninku ce a laluba kowane ma'aikaci a ƙofa. Waya da takarda duk a wurin maigadi ake barinsu. Malam Idi maigadi, da ya zo ta'aziyya, da hannunsa ya miƙa mini littafin Mubarak, ya ce a akwatin ajiya na ƙofa littafin ya kwana kamar kullum. Wane littafi ke nan aka gan shi yana karantawa?

3. Ga abin da sanarwarku ta tsallake. A sashen nan lebura ba ya samun hutu sai ya biya shi tun kafin ya tafi, wato ya haɗa aikin dare da na safe ba tare da ya je gida ba. Dabul suke ce masa. Mubarak ya nemi hutun ranar jarrabawa da jajiberinta, sufabaiza ya ce dabul biyu a jere, in ba haka ba ya bar wa wani gurbin. Ya gama na farko. Ana dab da azahar a na biyun, yana tsaye yana tura roba, barci ya ɗauke shi, bel ɗin injin da ba shi da murfi ya kama hannun rigarsa. Abokan aikinsa sun shaida mini haka a zaure, cikin raɗa, domin an gargaɗe su.

Da kun yi shiru, da na yi shiru. Amma yanzu a unguwa ana cewa boko ne ya ci yaron. Mahaifiyarsa ta ji wannan a gidan suna, ta dawo ta kwashe littattafan ƙanwarsa ta kulle a ɗaki. Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma har yau ban iya shawo kan uwar ba, domin takarda mai hatimin kamfani ta fi maganata nauyi a wurinta.

Ba diyya nake nema ba. Ina roƙon ku cire waccan sanarwa, ku liƙa wata a gurbinta da ke faɗin awannin da ya yi a tsaye kafin injin ya kama shi. Ku soke dabul, ku rufe bel ɗin. Kada kuma a taɓa aikin Malam Idi saboda na ambace shi.

Idan kun gyara sanarwar, ku aiko mini da kwafi ɗaya. Zan karanta wa mahaifiyarsa, ko Allah zai sa ta buɗe ɗakin kafin yarinyar ta rasa shekararta.

Allah ya tsare muku zuriyarku, kada Ya nuna muku abin da na gani a ɗakin ajiye gawa. Allah ya ba ku ikon faɗin gaskiya tun kuna da damar faɗinta.

Wassalam.

Mahaifin Mubarak,
Panshekara, Kano.