Mashin Babana da Kabar da Ba a Ƙarasa Ɗaurawa Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke lura da kamun kifi a kogin Kaduna.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da ban girma, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa daminar nan ta zame mana alheri.

Sunana Garba Audu, ina zaune a Unguwar Shanu, aikina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a nan garin. Na san ƙa'ida, na san ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa babba a bainar jama'a. Amma sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka, sau uku masinja yana ce mini ka fita rangadi, takardar da na bari kuwa ban san teburin da ta maƙale ba. Shi ya sa na kawo maganar shafin jarida, inda kowa zai gani. Ba don kaina nake rubutu ba. Don mahaifina ne, wanda masunta ke kira Audu Mai Mashi, wanda yau yake kwance yana ƙin abinci saboda wata takarda da aka sa shi ya dangwala wa hannu a ofishinka. Abin da nake nema a wanke masa suna tun yana da ran da zai ji an wanke.

Na ɗaya, ina so ka san mutumin da aka kama.

Babana Bakabe ne, mutumin ƙasar Kabi. Ya zo garin nan yana saurayi, tun Kaduna ba ta wuce bariki da 'yan rumfuna ba, bai zo da komai ba sai mashin da ya gada wurin ubansa. Bai taɓa mallakar ragar kamun kifi ba, taru ko birgi. Da rani, idan kogi ya ja baya ruwa ya yi garau, yakan shiga tsakanin duwatsu da hantsi ya tsaya cik, ruwa iya gwiwa, har azahar, ya dawo gida da kifi biyu ko uku. Marigayiya mahaifiyata takan zolaye shi ta ce shi ba kamun kifi yake zuwa ba, gaisuwa yake zuwa yi wa kifaye. Yakan yi dariya ya ce ai kuwa suna amsawa. Ba ya jifa sai ya tabbata, domin a wurinsa babu abin kunya kamar ka soki kifi ya kuɓuce da rauni ya je ya mutu a banza. Da wannan mashi ya ciyar da mu, da shi ya sa ni makaranta har na sami kujerar da nake zama a kai yau. Takardar da kake karantawa ma, in an bi asalinta, mashin nan ne ya rubuta ta.

Na biyu, akwai wata al'ada tasu da na tabbata ba a gaya wa ofishinka ba.

Idan damina ta kankama, ranar da jan ruwa na farko ya sauko, kifi yakan hau cikin ciyawar da ruwa ya mamaye don ya zuba ƙwai. Kifin nan bargi musamman yakan yi gida a fili, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa, ba ya gudu ko da ka zo kansa. Wanda bai iya komai ba ma zai soke shi a wannan lokaci. To, masu mashi na gaskiya sun haramta wa kansu wannan tun kaka da kakanni. Ranar da jan ruwa ya sauko, mai mashi zai ɗauki mashinsa ya je bakin kogi, ya tsoma bakin ƙarfen a ruwa ya wanke shi, ya naɗe shi da kaba ya ƙulle, sannan ya kai wa Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta, ya ajiye masa. Ba a kwance kabar sai ruwa ya janye bayan damina. Wannan shi suke kira ɗaurin mashi. Tun da na yi wayo ban ga shekarar da babana ya tsallake shi ba, har shekarar da aka yi yunwa muna kwana da kunun kanwa. Na tuna mahaifiyata tana kuka tana nuna masa mu, shi kuma ya sunkuyar da kai, mashin kuwa bai dawo gida ba sai da ruwa ya janye.

Na uku, ga yadda abin ya faru, har da nawa laifin, don ba zan ɓoye shi ba.

Da farkon damina aka lilliƙa sanarwarku a Babbar Kasuwa, cewa an hana sa mashi a cikin kogi. Babana ba ya karatun boko. Gwaggo Hajo, mai sayar da kifi, wadda ta fi shekara ashirin tana karɓar kamunsa, ita ta ɓamɓaro ɗaya ta ba shi, ya kawo mini da safe ina shirin fita aiki. Na karanta masa a tsaye, hannuna ɗaya a kan keke. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce da ni, da irin harshensu na Kabi: “Wagga doka ai tamu ta, Garba. Yau kau gwamnati ta gane abin da munka daɗe muna yi.”

Ranka ya daɗe, shi ya ɗauka hanin na damina ne kawai. Ni kuwa na san ba haka ba ne, na ga babu maganar damina ko rani a takardar, hani ne baki ɗaya. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na kasa. Yaya zan dubi tsoho yana murna in ce masa an kashe sana'arsa? Na ce a raina bari damina ta wuce, ai dama mashin zai kasance a ɗaure, kafin rani na san yadda zan lallaɓa shi. Na hau kekena na tafi. Wannan shirun da na yi shi ne abin da ke cina har yau.

Bayan kwana tara jan ruwa ya sauko. Babana ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya yanko kaba, ya ɗauki mashi ya nufi kogi kamar kowace shekara. Ya tsoma bakin mashin a ruwa, ya fito da shi, ya tsuguna ya fara naɗi. Yana cikin naɗin ne ma'aikatanku biyu suka tsaya a kansa. Suka ce sun gan shi da idonsu ya sa mashi a ruwa. Bai musa ba, don ya sa ɗin. Ya yi ta yi musu bayanin ɗauri, suna ce masa kowa aka kama da irin labarin da yake zuwa da shi. Ina roƙon ka tambaye su, sun ga kifi a hannunsa? Sun ga gora ko jaka? Wane masunci ne ke zuwa su da farar riga, a cikin jan ruwan da ko hannunka ka tsoma ba za ka gan shi ba? Da sun san mashi ko kaɗan, da sun san ba a jifan abin da ba a gani.

Na huɗu, abin da ya karya shi.

Ba su bi da shi ta bayan gari ba. Ta cikin kasuwa suka ratsa da shi, ta layin masu kifi, ɗaya a gaba riƙe da mashin a sama don kowa ya gani, kabar tana reto. Wai don ya zama darasi. Gwaggo Hajo ta bar tallarta ta bi su tana rantsuwa tana cewa: “Wallahi kun kama wanda ya fi ku tsare kogin nan! Ku dubi kabar mana, 'ya'yan nan, ku dubi kabar!” Ba wanda ya duba. A wannan layin akwai samarin da babana ya sha kora daga cikin ciyawa da damina, yana yi musu faɗa kan sukar bargi a kan ƙwai. Ranar nan su ne suka fi kowa shewa. Wani cikinsu ya ɗaga murya ya ce ashe Baba kora yake yi don ya ci shi kaɗai.

A ofis an zaunar da shi a ƙasa har la'asar. Ba a doke shi ba, ba a ci shi tara ba, wannan na shaida. Aka rubuta takarda cewa an kama shi yana sukar kifi, ya amsa laifinsa, an yi masa afuwa saboda tsufa. Aka kama babban yatsansa aka dangwala, aka riƙe mashin. Lokacin da labari ya same ni na garzaya, na tarar da shi a bakin ƙofa yana goge yatsan a ƙasa. Ya tambaye ni abin da takardar ta ce. Wannan karon na gaya masa gaskiya duka, har da wadda na ɓoye da farko. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai: “Ahuwa? Ai mai laihi aka yi ma ahuwa.” Muka taho gida yana gaba ina baya, ina tura keke.

Tun daga ranar bai sake zuwa masallacin unguwa ba, mutumin da shekara da shekaru sahun farko ne wurinsa. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mutane ba. Liman ya zo har gida, Sarkin Ruwa ya zo, duk sun ce masa kowa ya san halinsa. Sai ya ɗaga musu yatsa ya ce to wannan fa, ai shi ma shaida ya bayar. Yanzu kunu ma sai an yi da gaske yake kurɓa. Na kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba. Ni na san cutar, ni na taya aka sa masa ita. Ranka ya daɗe, zuciyata ta karye, ban san wata kalma da ta fi wannan ba.

Na biyar, game da dokar kanta.

Ban ce ba ku da dalili ba. Akwai masu ɓarna da mashi, na gan su. Suna sukar uwa a kan ƙwai, suna jifa barkatai kifi ya tsere da rauni ya ruɓe a gaɓa. Wannan zalunci ne ga dabba, ɓarna ce ga abincin jama'a, addini bai yarda da shi ba, babana ma da bakinsa ya fi ku tsananta shi. Amma laifin na lokaci ne da na hannun da ya riƙe mashin. Mashi kifi ɗaya yake ɗauka, wanda mai shi ya gani ya zaɓa. Taru mai ƙananan idanu kuwa ba ya tambaya, uwa da 'ya'ya yake kwashewa. Masu zuba magimfa, wato ganyen nan mai sa kifi maye, sukan kashe gurbi guda a wuni ɗaya, har kwaɗi su taso. Waɗannan ban ji an ratsa da ko ɗayansu ta kasuwa ba. Mai mashi shi ne mai saukin kamu, don a tsaye yake wuri ɗaya da rana tsaka, kuma ba ya gudu. Da wanda ya tsara dokar ya zauna da Sarkin Ruwa ko na rabin wuni, da ya tarar an riga shi yin ta, kuma tasu ta fi dacewa da halin kogin.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

A soke takardar nan, a rubuta wata ko layi biyu ne, cewa Audu Mai Mashi bai soki kifi ba, ɗauri ya je yi. A ba ni ita in kai wa liman ya karanta a ƙofar masallacin Unguwar Shanu, in kai wa Gwaggo Hajo a karanta a layin masu kifi inda aka kunyata shi. Ina roƙon a hanzarta, don ban ga alamar yana da lokaci mai yawa ba.

A kira Sarkin Ruwa da dattawan masunta a ji ta bakinsu, ko a mai da hanin na damina, a tsananta shi yadda ya kamata, a bar masu mashi su ci abincinsu da rani.

Na ukun ba nawa ba ne, nasa ne. Jiya da yamma na gaya masa zan rubuta maka, na tambaye shi ko in roƙa a dawo masa da mashinsa. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya girgiza kai ya ce a'a, ruwa bai janye ba, mashi ba ya zama a gida da damina. Ya laluba ƙarƙashin tabarmarsa ya ciro ragowar kabar da ta saura a aljihunsa tun ranar nan, ya miƙo mini. Ya ce damuwarsa ɗaya, sun karɓe shi bai ƙarasa ƙullin ba, mashin yana can bakinsa a buɗe alhali kifi na kan ƙwai. Ya ce in roƙe ka, don Allah, ka sa wani ya ƙarasa ɗaurewa.

Wannan shi ne mutumin da takardarku ta ce mai laifi ne. Kabar na bar ta a hannun masinjanka yau da safe, a cikin ambulan mai sunanka. Naɗi uku ya rage, sai ƙulli.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa 'ya'yanka kada su taɓa ganin ranar da za su bi bayanka kana tafe kai a sunkuye.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Audu,
Unguwar Shanu, Kaduna.