Ceɗiyar Auta Ta Zubar da Ganye

Litinin, 3 ga Maris

Ganye ya fara zuba. Wannan 'yar bishiyar da Auta ta bar mini ranar da ta kwashe kayanta, bonsai take ce mata. Ceɗiya ce kawai aka hana girma, aka dasa a kasko kamar faranti. Tana bakin ƙofa ta ce, "Mama, kar ki ɗauke ta daga taga, kuma kar ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe." Ni za a koya wa raino? Na mayar da ita falo, kan kabad, inda baƙi za su gani. Ruwa safe da yamma. Abin da ke ƙarƙashin rufina ba ya kwana da ƙishi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta kira. Gaisuwa a tsaye, sai "Ya bishiyata?" Na ce lafiya lau. Tun ranar da na gaya mata gaskiya, cewa 'yar mutunci ba ta kama ɗaki ita kaɗai a wani gari don an ba ta aikin asibiti, iyakar hirarmu ke nan. Bishiya.

Asabar, 8 ga Maris

Saura ganye kaɗan, su ma sun yi rawaya. Ƙasar tana wari. Babansu ya leƙa ya ce, "Hajiya, ita ma kin yi mata wa'azi ne?" Ban yi dariya ba.

In ta mutu, me yarinyar nan za ta kira ta tambaya?

Talata, 11 ga Maris

Na rufa wa bishiyar mayafi na kai wa mai furanni na bakin titi. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya girgiza kai. "Hajiya, shuka kika yi ko jiƙon wanki?" Rashin kunya. Ya kankare ɓawon da farce, cikin kore ne. Wai da sauran rai. Wai irinta ba ta son a sauya mata wuri, kuma saiwar ta fara ruɓa. Na ce to wane magani zan saya? Ya ce babu. "Ki mayar da ita taga, ki ƙyale ta."

Ƙyaliya ai ba tarbiyya ba ce.

Juma'a, 14 ga Maris

Tsirara. Ko ganye ɗaya. Auta ta ce in turo hoto, na ce kyamarar wayar ta lalace. Allah ya yafe mini. Sai ta ce, "Mama, ta mutu ko?" Na kashe.

Laraba, 19 ga Maris

Ba ta kira ba. Bishiyar na taga. Na ɗauki buta in ba ta ruwa na ajiye, na ɗauka na ajiye.

Lahadi, 23 ga Maris

Ni na kira. Na ce ba ta mutu ba, ganye ne babu, akwai wani ɗan tsiro kamar kan allura a reshen hagu. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Haka suke yi." Daga nan ta ce ta sabunta hayar ɗakin, za ta ƙara shekara.

Maganar 'yar mutunci tana bakina, tun daga farko har ƙarshe. Na ce, "To. Ƙofar tana da sakata mai kyau?"

Muka yi ta hira har shinkafata ta kama. Ba wai na amince ba ne. Yau dai ban ji ƙarfin faɗa ba.